Baba ya ajiye maganin kitsen jini, ya ce ai ya warke

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki ne daga Jos. Mahaifina yana da shekara 66, kuma tun muna yara yake sana'ar kayan gwari a kasuwar Farin Gada. Sati 6 da suka wuce yana alwalar Asuba buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, maganarsa ta sarƙe. Kafin mu samo mota ya dawo daidai, abin bai kai minti 20 ba. Daga baya ne ya gaya mana cewa kwanaki kaɗan kafin nan idonsa na hagu ya yi duhu kamar an saki labule, sannan ya washe. A asibiti an yi masa hoton kai da sikanin wuya. An ce jijiyar wuyansa ta hagu ta tsuke da kashi 60 cikin 100, kuma kitsen jininsa, wanda suka rubuta LDL, 4.6 ne. An ba shi atorvastatin da asfirin da maganin hawan jini. Ya sha sati 3 ya ajiye. Wani amininsa ya ce masa maganin yana lalata hanta, kuma wanda ya fara ba ya dainawa. Yanzu tafarnuwa da lemon tsami yake sha a ruwan ɗumi, yana kuma shirin a yi masa ƙaho a wuya. Ya ce sanyin Jos ne kawai ya kama shi.

Mahaifiyarmu ta rasu, matarsa da muke kira Inna ce ke masa girki. Na je na hana man shanu da manja da nama gaba ɗaya, har na ce mata girkinta ne ya jawo wannan. Yanzu ba ta yi mini magana, shi kuma an ce a kasuwa yake cin balangu a ɓoye. Ina tsoron na rasa shi. Yaya zan yi?

Wata baiwar Allah, Jos

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri kan wannan tsayuwa da kika yi a kansa.

Maganar tukunyar Inna za ta iya kwana ta wuni. Maganar ƙwayoyin da Baba ya ajiye ba za ta jira ba, don haka da ita zan fara, kuma zan daɗe a kanta.

Abin da ya faru da Asubar nan shanyewar ɓarin jiki ce ta yi sallama a zaure, ta juya. Ki ɗora yatsa a gefen maƙogwaronki a hankali, za ki ji bugu. Wannan ita ce babbar jijiyar da ke kai jini sama, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Daidai ƙasan muƙamuƙi kowacce ta rabu biyu: reshe ɗaya ya nufi fuska, ɗayan ya shige cikin kai ya ciyar da ƙwaƙwalwa da ido. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya hannun dama da ƙafar dama, kuma a mafi yawan mutane shi ke riƙe da magana. Yanzu ki jera abin da kika rubuto mini: idon hagu ya yi duhu, hannun dama ya saki buta, harshe ya sarƙe. Duk ukun wuri ɗaya suke nunawa, kuma wurin ne sikanin ya gano. Gaskiya ne sanyi yana ɗan ɗaga hawan jini, kuma kowa ya san yadda Asubar Jos take a watannin hunturu, amma sanyi ba ya zaɓar idon hagu da hannun dama.

Mutane da yawa suna ɗaukar abin kamar maiƙon da ya daskare a kwata, wanda za a kwara wa ruwan zafi da lemon tsami ya narke. Da haka ne da an huta. Kitsen nan ba a saman hanyar jini yake kwance ba, cikin bangon jijiyar kansa ya shige. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: hawan jini da ciwon suga da taba su ne ke tsaga bangon, LDL kuma ya kutsa ya zauna. Shekara da shekaru jiki yana ƙoƙarin kawar da shi, wurin yana kumbura, har ya zama kamar maruru a ƙarƙashin fata, ciki da laushi, sama da ɗan siririn murfi. Wurin da jijiyar ta rabu biyu ya fi saurin kamuwa, saboda a nan jini ke yin juyi yana gogar bango.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, tsukewar kanta ba ita ce babbar barazana ba. Jijiyar da ta tsuke da kashi 60 tana iya wuce da jinin da ya ishi ƙwaƙwalwa, shi ya sa Baba yake zuwa kasuwa yana ciniki garau. Barazanar tana ga murfin. Ranar da ya tsage, jini yakan dunƙule a wurin, ɓarɓashi ya ɓalle ya bi jini zuwa sama ya toshe wata ƙaramar hanya. Idan ɓarɓashin ya narke da wuri, mutum ya dawo daidai, kamar yadda Baba ya dawo har sau biyu. Idan bai narke ba, wannan sashen na ƙwaƙwalwa ya mutu, kuma ba ya sake tohowa. Wurin da ya taɓa jefo ɓarɓashi ya nuna halinsa, kuma makonnin farko bayan irin wannan su ne mafi haɗari. Wannan ciwo ba shi da zafi ko kaɗan, don haka jin daɗin jiki ba ya zama shaidar warkewa a nan.

Ƙwayoyin nan uku kowacce da aikinta a kan wannan murfi. Asfirin yana hana jini saurin dunƙulewa a wurin da ya tsage. Maganin hawan jini yana rage dukan da bangon ke sha, kuma abin da ake nema ga irin Baba shi ne awo ya sauka ƙasa da 130/80. Atorvastatin kuwa yana rage kitsen da ke ƙara shiga, yana kwantar da kumburin, murfin ya yi kauri ya daina saurin fashewa. Ba lallai ya mayar da kashi 60 ya koma sifili ba, kada ki sa ran haka in an sake sikanin. Aikinsa ya sa wurin ya lafa.

Mu yi lissafi da lambar Baba. LDL ɗinsa 4.6 ne. Ga wanda ya riga ya sami irin wannan gargaɗi, likitoci suna so ya sauka ƙasa da 1.8, wato 70 ke nan idan ɗakin gwajin da ɗaya ma'aunin yake rubutawa, har wasu ƙwararru a Turai suna cewa 1.4. Tafiyar da nisa. Kaso mafi yawa na wannan kitse, wato kolestarol ɗin da ke cikin jini, hanta ce ke ƙera shi da kanta, ba daga kwano yake zuwa ba, shi ya sa za ki ga siririn mutum mai azumin Litinin da Alhamis lambarsa tana sama. Gyaran abinci a mafi yawan mutane ba ya rage fiye da kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Atorvastatin mai ƙarfi yana iya raba lambar biyu, ta koma wajen 2.3. Kin ga ko da shi ba a kai ba tukuna, sai an haɗa da gyaran abincin, wataƙila ma likita ya ƙara wata ƙwaya mai suna ezetimibe. To ina ga tafarnuwa ita kaɗai? Manyan binciken da aka tattara a kan dubban mutane sun nuna cewa duk maki 1 da LDL ya sauka, haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Baba yana da kusan maki 3 da zai sauke. Ki duba yawan kariyar da ke ajiye a saman durowa.

Ba na so ki raina aminin Baba, domin ƙauna ce ta sa ya yi magana, kuma rabin abin da ya faɗa gaskiya ne. Haka ne, wanda ya fara ba ya dainawa. Amma ba don jiki ya kamu da jarabar maganin ba. Hanta ce ba ta daina aikinta, ana ajiye ƙwayar cikin 'yan makonni lambar ta koma inda take. Kamar tabarau ne: ba wanda ke cewa ya lalata masa ido don ya cire ya daina ganin rubutu. Batun hanta kuwa, mummunar illa gare ta daga wannan magani abu ne da ba a cika gani ba, kuma akwai gwajin jini mai sauƙi da likita zai duba ta da shi. Abin da aka fi kuka da shi ciwon tsoka ne, a cinya ko kafaɗa. In Baba ya ji haka ya faɗa, akwai canjin ƙwaya zuwa rosuvastatin, akwai rage ƙarfi. In ciwon ya tsananta har fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, wannan kam a dakata a tafi asibiti a ranar. Kuma duk wanda zai rubuta masa wani magani, musamman maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna clarithromycin, a gaya masa yana shan wannan, domin ba sa jituwa.

Akwai wani abu da nakan gaya wa dattawa masu cewa su dai sun fi yarda da abin da ya fito daga ƙasa. Wannan dangin magani daga funfuna aka fara samo shi, irin wadda ke fitowa a kan hatsin da ya sha danshi. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, shi ya gano shi a shekarun 1970 bayan ya gwada dubban nau'in funfuna. Shi ma halittar Allah ne, bambancin kawai an auna shi an san yawan da ke aiki.

Tafarnuwa da zogale da lemon tsami Baba ya ci abinsa a miya da kwaɗo, ba su da laifi, sai dai ba za su shiga bangon jijiya su kwashe abin da ya yi shekara da shekaru yana taruwa ba. Kuma tafarnuwa mai yawan gaske tare da asfirin tana iya ƙara saurin zubar jini. Ƙaho a wuya kuwa, ki roƙe shi don Allah ya bari. Jinin da ƙaho ke ja na ƙarƙashin fata ne, ba ya kusantar abin da ke cikin jijiyar. Sannan dannawa da murzawa a daidai wannan wuri na iya ɓallo ɓarɓashin da muke gudu, ko su sa bugun zuciya ya faɗi mutum ya sume. Ko tausa kada a yi masa a gefen wuya, komai ƙwarewar mai yi.

Cikin satin nan ya kamata ku koma wurin likita, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba. Ki gaya masa gaskiya cewa an yi sati 3 ba a sha magani ba, ki kuma ba shi labarin idon, domin mai yiwuwa Baba bai faɗa ba. Ki nemi a tura ku ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, irin waɗanda ake samu a asibitin koyarwa kamar JUTH da ke Lamingo. Tambayar da za ki yi ita ce: shin wannan jijiya tana bukatar aiki? Akwai tiyatar da ake buɗe jijiyar a kwashe abin da ya taru, akwai kuma saka ɗan bututun raga ya buɗe hanyar. Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada, wanda sakamakonsa ya fito a 1991, ya duba masu tsukewar kashi 70 zuwa 99 da suka riga suka ga alama: cikin shekara 2, kashi 26 cikin 100 na waɗanda aka bari kan magani kaɗai sun sami shanyewar jiki, amma kashi 9 ne kacal cikin waɗanda aka yi wa tiyata. Ga masu kashi 50 zuwa 69, inda Baba ya faɗo, ribar ba ta kai haka ba, ta fi fitowa ga maza, kuma tana raguwa da tafiyar lokaci, domin an fi son a yi aikin cikin sati 2 na farko. Magungunan yau kuma sun fi na wancan zamani ƙarfi nesa ba kusa ba. Saboda haka yana iya yiwuwa a ce magani ya wadatar, yana iya yiwuwa a nemi wani hoton da ya fi sikanin tantancewa kafin a yanke. Ba kowane asibiti ke wannan aiki ba, kuma sakamakonsa ya dogara sosai da sabon hannun mai yi, don haka ba rashin kunya ba ne ki tambayi sau nawa suka yi shi. A duba masa suga da bugun zuciya ma, domin zuciyar da ba ta bugu a kan tsari ita ma tana jefo dunƙulen jini. In kuɗi ne ke hana sayen magani kowane wata, ki tambayi yadda ake shiga inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, ki kuma san cewa atorvastatin na kamfanoni daban-daban ne, mai araha da ke da lambar NAFDAC ya wadatar.

Yanzu mu dawo gida. 'Yata, kin yi wa Inna kuskure, kuma na san tsoro ne ya sa. Abin da ke wuyan Baba ya fara taruwa tun kina goye, wataƙila tun kafin Inna ta shigo gidan. Akwai gado a ciki, akwai hawan jinin da ya yi shekaru ba a sani ba, akwai abincin kasuwa na tsawon rayuwa. Ba tukunya ɗaya ta yi wannan ba. Sannan ki tuna wa ke kusa da shi da Asuba. Ke kina gidanki. Inna ce za ta ga bakinsa in ya sake karkacewa, ita za ta miƙa masa ƙwaya da ruwa kowane dare. Ki je takanas, ba ta waya ba, ki durƙusa ki ce, "Inna, ki yafe mini, ruɗewa ce ta sa na faɗi abin da bai kamata ba." Ki ɗauke ta ku je asibitin tare ta ji daga bakin likita, ki damƙa mata ragamar maganin. Macen da aka ce ita ta jawo ciwo ba za ta yi girkin mara lafiya da daɗin rai ba, amma wadda aka ce lafiyar maigida a hannunta take za ki sha mamakin abin da za ta yi.

Dokar da kika kafa ma ta yi tsauri, kin ga inda ta kai shi: balangu a ɓoye, mai kitse, da gishiri da magi son ransa. Dattijon da ya ciyar da gida shekara 40 ba a yi masa dokar cin nama kamar yaro. A sassauta. Man shanu ya tashi daga na kullum ya koma na ranar Sallah. Manja, wanda kusan rabinsa irin kitsen da ke ɗaga LDL ne, a rage shi zuwa cokali maimakon ludayi, a yawaita man gyaɗa ko na waken suya. A bar kayan ciki da ƙwaƙwalwa da kitsen rago, a guji man da aka yi ta maimaita suya da shi. Fura a dama masa da tsala. Tsire marar kitse tsinke biyu a gida ranar Juma'a, a gaban kowa, ya fi na ɓoye kullum. Gishiri da magi a ja baya da su sosai, daddawa ta cike gurbin.

Kuma ai ku Allah ya yi muku gata. Mutumin da ke wuni a tsakiyar kabeji da karas da koren wake da alayyahu ba zai ce ganye ya yi masa tsada ba. Gwaten acha da ganye, wake, miyar kuɓewa, kifi sau biyu a sati, duk abincin gida ne da ya saba da shi. Wani bincike da likitocin Nijeriya da Gana suka yi a kan fiye da mutum 2,000 masu shanyewar ɓarin jiki, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan, wanda ya fito a 2018, ya sa hawan jini a kan gaba da tazara mai yawa, kitsen jini na biye da shi, ya kuma lissafa yawan cin nama da ƙarancin cin ganye da ƙara gishiri a kan abinci cikin abubuwan da ke jawo ta. A kan mutanenmu aka yi shi, masu cin irin abincinmu. In yana shan taba ko shaƙa ta, wannan kam babu sassauci. Tafiyar ƙafa ta minti 30 bayan La'asar, in likita ya amince, ta wadatar.

Shi Baba kuma, kada ki tunkare shi da gardama a gaban iyali. Kunya ba za ta bar shi ya sauko don 'yarsa ta faɗa ba. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, Baffanku ko limamin unguwa, ki yi masa bayanin murfin nan yadda na yi miki. Liman ya fi ni sanin hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Da ni ce ma har aminin nan zan bi gida in gaishe shi, in roƙe shi ya raka Baba asibiti ya yi wa likita tambayar hanta da bakinsa. In ya gamsu, shi zai riƙa tuna wa Baba magani a rumfa. Idan kin sami Baba shi kaɗai, ki bar lambobi, ki gaya masa abin da kika gaya mini a ƙarshen wasiƙarki, cewa kina tsoron ki rasa shi, kuma kina so ya ci gaba da zuwa masallaci da ƙafarsa, ya yi alwala da hannunsa. Azumi ma ba zai hana ba, atorvastatin sau ɗaya ake sha a rana, kuma kowane lokaci ya yi, da buɗa-baki ko da sahur.

Kowa a gidan, har yaran da ake aike, ya san wannan: in baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ido ɗaya ya yi duhu, a duba agogo a riƙe lokacin, a sa shi a mota zuwa asibitin da ke da na'urar hoton kai, ko da ya warware a hanya. Maganin narkar da dunƙulen jini cikin awa 4 da rabi na farko yake aiki. Kada a ɗura masa komai a baki, ko ruwa ko rubutu, domin haɗiya na iya lalacewa abin ya tafi huhu. Kada a ƙara masa asfirin kafin hoto, saboda wata shanyewar fashewar jijiya ce ba toshewa ba. Addu'a a yi ta a cikin mota. Tun yau ki samo lambar maƙwabci mai mota ko mai keke Napep da zai amsa waya da tsakar dare, ki rubuta wa Inna a bango.

Ke da 'yan'uwanki kuma ku je a auna muku kitsen jini da hawan jini, domin lamba irin ta Baba takan bi jini. Shi kuma bayan sati 8 da komawa kan magani a sake masa gwajin. Ki rubuto mini lambar da ta fito, ki kuma gaya mini yadda kuka kwashe da Inna.